Daga Tashar Mota Zuwa Rumfar Zaɓe: Yadda Matasan Hartum da Umdurman Suka Nemi Kunnen Talaka

Ranar 1 ga Nuwamban 2009 aka buɗe rajistar masu zaɓe a Sudan. Rabon ƙasar da zaɓen da jam'iyyu ke takara ta gaskiya tun 1986, don haka duk wanda bai haura shekara 40 ba bai taɓa shiga rumfa ya zaɓi shugaba da hannunsa alhali bai san sakamakon tun daga gida ba. Gidan rediyon ƙasa da na talabijin, waɗanda dukansu ke Umdurman, suna hannun gwamnati. Jaridu kuwa ba a fi wata biyu da janye musu jami'an tsaron da ke zuwa da dare suna karanta kowane shafi kafin a kai shi maɗaba'a ba. Shugaba Umar Hassan al-Bashir ya shekara 20 a kan mulki, jam'iyyarsa ta NCP kuma ta yi rassa a kowace ma'aikata da kowace unguwa.

Ana jajibirin wannan rajista ne wasu 'yan tsirarun ɗaliban jami'a, cikinsu har da Nagi Musa, suka kafa wata ƙungiya suka sa mata suna Girifna, wato "mun gaji" da Larabcin Sudan. Ba su tsayar da ɗan takara ba, ba su da ofis, ba su da asusun kamfe. Abin da suka fito da shi magana ce guda: kowa ya je ya yi rajista, ranar zaɓe kuma ya kayar da NCP. Matsalarsu ita ce ta kowace ƙungiyar gwagwarmaya a lokacin zaɓe: yaya za a yi maganar ta isa kunnen mai dako da mai shayi da ɗan kamasho, alhali duk wata babbar lasifika ta ƙasa tana hannun wanda ake son kayarwa?

Yadda aka saba magana da mai ƙuri'a

Tun zaɓen farko na 1953, siyasar arewacin Sudan ta dogara ne a kan manyan gidaje biyu na addini. Ansar, mabiya gidan Mahadi da ke da cibiya a Umdurman, su ne ƙashin bayan jam'iyyar Umma. Ɗariƙar Khatmiyya ta gidan Mirghani kuma ita ce gatan jam'iyyar da daga baya ta zama DUP. A karkara, da zarar ishara ta zo daga Sayyid, wato shugaban gidan, cewa wane za a zaɓa, magana ta ƙare. Ba a buƙatar bayani, ba a buƙatar muhawara.

Birni kuwa yana da tasa al'adar. Ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi da likitoci su suka tumɓuke Janar Ibrahim Abbud a Oktoban 1964, su kuma suka kawo ƙarshen mulkin Ja'afar Numairi a Afrilun 1985. Ƙungiyar Matan Sudan, wadda aka kafa a 1952, ta shekara da shekaru tana koyar da mata karatu, tana fitar da mujallar Sawt al-Mar'a tun 1955, har ta kai Fatima Ahmad Ibrahim majalisa a 1965, mace ta farko da ta samu kujera a ƙasar. A zaɓen 1986 ma mutanen mazaɓar Sahafa da ke kudancin Hartum sun nuna abin da haɗin kai ke iyawa: jam'iyyu da dama suka janye wa ɗan takara guda, suka kayar da Dakta Hassan al-Turabi, duk da cewa jam'iyyarsa ta tashi da kujeru 51 a faɗin ƙasar.

Juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 ya rufe wannan babi. An haramta jam'iyyu, an rushe ƙungiyoyin ƙwadago, an kori dubban ma'aikata da sunan maslahar jama'a. Wurin da muhawara ta fake shi ne harabar jami'o'i, inda ɗalibai ke kafa da'ira a ƙarƙashin bishiya, mai magana ya tsaya a tsakiya ya faɗi ra'ayin ƙungiyarsa, abokan hamayya su yi masa tambayoyi a gaban kowa. A waɗannan da'irori ne matasan 2009 suka koyi tsayawa gaban taro ba tare da murya ta rawa ba. Abin da Girifna ta yi shi ne ɗauko wannan fasaha daga cikin katangar jami'a ta kai ta bakin titi.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairun 2005, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Kudu, ita ta wajabta wa gwamnati shirya zaɓe. Bashir ma yana bukatarsa, domin a ranar 4 ga Maris na 2009 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi kan rikicin Darfur. Yana son ya nuna wa duniya cewa jama'arsa na tare da shi. Wannan bukata ce ta buɗe 'yar ƙofar da matasan suka kutsa ta cikinta.

Minti kaɗan a tasha

Babban makamin Girifna shi ne abin da 'yan Sudan ke kira mukhataba. Matasa za su hallara a wuri mai cunkoso, kamar tashoshin motocin haya na tsakiyar Hartum kusa da Suƙ al-Arabi, ko kasuwannin Umdurman, kowa ya zo shi kaɗai kamar mai jiran mota. Sai guda ya ɗaga murya ya fara jawabi. Yana magana wasu na raba takardu, wasu na lura da hanyar da motar 'yan sanda za ta ɓullo, wani kuma na ɗauka da waya. Kafin jami'an tsaro su ankara an gama, an watse cikin jama'a.

Hikimar zaɓen tasha a bayyane take ga duk wanda ya san fasalin babban birnin. Hartum da Umdurman da Bahri garuruwa uku ne da kogin Nilu ya raba, gadoji suka haɗa. Talakan da ke kwana a Umbadda ko Haj Yusuf ko Mayo ko Kalakla, sai ya sauka a tsakiyar gari ya canja mota kafin ya kai wurin neman abincinsa. A waɗannan unguwanni na gefen gari ne 'yan gudun hijirar Darfur da tsaunukan Nuba da Kudu suke a lokacin, tare da Hausawa da Fulani da Barebari da kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka. Takardar da aka miƙa wa mutum a tasha da la'asar, da magariba ta isa unguwar da ɗan jami'a bai taɓa takawa ba, a can kuma wanda ya iya karatu zai karanta wa sauran a gindin mai shayi.

Sun kuma kula da harshen da suke magana da shi. Manyan 'yan adawa sun saba da dogon jawabi cikin Larabcin littafi, kan tsarin mulki da sauyin dimokuraɗiyya. Matasan nan sai suka sauko da maganar zuwa Larabcin kasuwa: tsadar abinci, kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, ɗan da ya gama jami'a yana tuƙa a-daidaita-sahu, kuɗin man fetur da ake ta fitarwa tun 1999 amma talaka bai gani a ƙwaryarsa ba. Suka zaɓi launin ruwan goro da alamar yatsu biyu a ɗage, abin da ko wanda bai yi boko ba zai gane daga nesa.

Ba su bar raha a baya ba. Sun shirya wani ɗan gajeren bidiyo a siffar tallan sabulu: saurayi riƙe da riga mai hoton Bashir, ya tsoma ta a ruwa ya wanke da sabulun Girifna, hoton ya fita tas. Dabarar ta samo asali ne daga matasan Otpor na Sabiya, waɗanda suka yi irinta da hoton shugaba Milosevic a 2000. Amfaninta shi ne rage kwarjini. Mutumin da ya yi dariya a kan shugaban da yake tsoro, ya riga ya yi taku ɗaya zuwa ga cewa a'a.

Suna da shafi a Facebook, suna sa bidiyoyinsu a YouTube, amma a wancan lokaci intanet ta 'yan birni ce masu hali da 'yan Sudan mazauna waje. Aikinta shi ne adana shaida da jawo gudunmawa da sanar da duniya idan an kama wani. Wanda zai jefa ƙuri'a a Umbadda, ido da ido aka same shi.

A wannan shekara mata ma sun buɗe nasu fagen. Lokacin da aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Ahmad Hussein a 2009 kan sa wando, a ƙarƙashin sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991, sai ta buga katin gayyata ta rarraba, tana kiran jama'a su zo kallon shari'arta. Daga nan aka samu gangamin mata masu yaƙi da cin zarafi, wanda ya mayar da dokar da ke bulale matan talakawa a ɓoye abin tattaunawa a bainar jama'a ana dab da zaɓe.

Abin da suke fuskanta

Jam'iyya mai mulki ba ta tsaya ga rediyo da talabijin kawai ba, ita ma ta san darajar unguwa. Kwamitocin unguwanni da gwamnati ta kafa tun farkon mulkinta su ke ba da takardar shaidar zama, wadda marar katin ɗan ƙasa ke dogara da ita. A lokacin rajista, wadda aka rufe ranar 7 ga Disamba da sunaye wajen miliyan 16, 'yan sa-ido sun ba da rahoton yadda wakilan NCP ke zama kusa da cibiyoyi suna karɓar 'yar takardar shaidar rajista daga hannun mutane suna rubuta lambobinsu. Ko da ba a ce wa mutum komai ba, ya fahimci saƙon: an san ka, an san gidanka.

Alamar jam'iyyar bishiya ce, kuma ta cika allunan birnin. Bashir na zagaya jihohi da sandarsa yana rawa a kan dandamali, yana buɗe tituna da gadoji, yana nuna madatsar ruwa ta Merowe da ya ƙaddamar kwana ɗaya kafin sammacin kotun duniya. Ga wanda wutar lantarki ta shiga garinsu a karon farko, wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba a rushe ta da taken zanga-zanga.

Sai kuma sanda. Ranar 7 ga Disamban 2009 'yan sanda suka tarwatsa masu zanga-zanga a gaban majalisar dokoki da ke Umdurman, suka kama Pagan Amum da Yasir Arman na jam'iyyar SPLM mai tushe a Kudu, duk da cewa jam'iyyarsu na cikin gwamnati. A cikin watan ne majalisa ta zartar da dokar tsaro da ta bar wa jami'an farin kaya ikon kamawa da tsarewa ba tare da kai mutum kotu ba. A Maris na 2010 an kama 'yan Girifna suna wayar da kan jama'a a Hartum, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta yadda aka azabtar da wani ɗalibi daga cikinsu. Duk wanda ya ɗaga murya a tasha ya san abin da ka iya biyo baya.

Shi kansa zaɓen wani aiki ne. Mai ƙuri'a a arewa takarda takwas zai dangwala: shugaban ƙasa, gwamna, uku na majalisar ƙasa, wato na mazaɓa da jerin mata da jerin jam'iyya, da wasu uku na majalisar jiha. A Kudu takardu 12 ne. Wanda zai lallashi tsohuwa ta canja ra'ayi, dole ya fara koya mata yadda za ta bi takardun nan ba tare da ta lalata ko ɗaya ba.

Ranar da aka rasa wanda za a zaɓa

Wata biyar matasan suna cewa a yi rajista, a fito, a kayar da bishiya. Tambayar da mai sauraro ke yi a tasha ita ce: to, wa za mu zaɓa? Ƙungiyar ba ta da amsa guda, domin ta ɗaura wa kanta cewa ba ta kowace jam'iyya ba ce. Mutane da yawa a birni sun karkata ga Yasir Arman, ɗan arewa da SPLM ta tsayar, wanda ke kamfe da taken fata da sauyi.

Ranar 31 ga Maris, saura kwana 11 zaɓe, SPLM ta janye shi. Hankalin shugabanninta na kan ƙuri'ar raba-gardamar ɓallewar Kudu da ke tafe a Janairun 2011. Sadiƙ al-Mahadi na Umma da jam'iyyar Kwaminis su ma suka ƙaurace, suna cewa an riga an murɗe zaɓen tun daga ƙidayar 2008 da rajista. DUP da jam'iyyar Turabi kuma suka ce za su shiga. Aka bar mai ƙuri'a tsakanin masu cewa fito da masu cewa zauna a gida.

An yi zaɓen daga 11 zuwa 15 ga Afrilu, bayan an ƙara kwana biyu saboda ruɗanin takardu da sunaye. Aka bayyana Bashir da kashi 68 cikin ɗari. Arman, wanda sunansa ya rage a takarda duk da janyewarsa, ya samu kusan kashi 22. Cibiyar Carter da tawagar Tarayyar Turai suka ce zaɓen bai kai mizanin duniya ba. Wani bidiyo daga gabashin ƙasar ya bazu, yana nuna ma'aikatan zaɓe suna cusa ƙuri'u a akwati. Wata guda bayan haka aka kama Turabi, aka rufe jaridar jam'iyyarsa.

Nan ne iyakar ƙungiyar gwagwarmaya a lokacin zaɓe ta fito fili. Tana iya cire wa mutum tsoro, tana iya kai shi bakin rumfa, amma takardar ƙuri'a ba ta da gurbin "mun gaji". Suna ake dangwalawa. Idan jam'iyyun adawa ba su yi nasu aikin na haɗa kai da tsayawa har ƙarshe ba, gumin matasa sai ya tafi a banza ranar ƙirga. Abin da mutanen Sahafa suka yi wa Turabi a 1986 shi ne abin da aka kasa yi wa Bashir a 2010.

Senegal ta nuna ɗaya fuskar. A Janairun 2011 mawaƙa da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a Dakar, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe. Da aka je zagaye na biyu a Maris na 2012, 'yan adawa suka taru a bayan Macky Sall, shugaba Abdoulaye Wade ya faɗi, ya kuma amince. Salon kiran kusan ɗaya ne da na Hartum. Bambancin shi ne a Dakar akwai akwatin da ake iya yarda da shi, akwai kuma mutum guda da za a nuna.

Abin da ya tsira bayan faɗuwa

A zaɓen Afrilun 2015 saƙon ya juya. Jam'iyyun adawa da ƙungiyoyin farar hula da suka sa hannu a kan yarjejeniyar Kiran Sudan a Addis Ababa a Disamban 2014 suka ƙaddamar da kamfe mai suna Irhal, wato "tafi", suna kiran jama'a su ƙaurace. An tsare Faruƙ Abu Isa da Dakta Amin Makki Madani watanni saboda wannan sa hannu. Rubutu ya bayyana a bangaye, rumfuna a Hartum suka wuni babu layi. Hukumar zaɓe ta ba Bashir kashi 94, ta ce kashi 46 na masu rajista sun fito. Cif Olusegun Obasanjo, wanda ya jagoranci 'yan sa-idon Tarayyar Afirka, ya ƙiyasta fitowar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai shirun mai ƙuri'a yana da fassara biyu, ko fushi ko yanke ƙauna, kuma babu ɗaya da ya taɓa kujerar Bashir.

Sauyin gaske a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Bayan kisan Satumban 2013, lokacin da aka janye tallafin mai aka harbe masu zanga-zanga, waɗanda Amnesty ta ce sun haura 200, matasa suka gane cewa taro a tsakiyar gari sauƙin murƙushewa gare shi. Sai suka koma unguwanninsu, inda kowa ya san ɗan gidan wane ne. Daga nan kwamitocin turjiya na unguwanni suka fara tsiro a wurare irin su Burri da Abbasiyya da Shambat.

A Agustan 2018 NCP ta sake tsayar da Bashir don zaɓen 2020, 'yan adawa kuma suka shiga gardamar ko a shiga ko a ƙaurace. Tsadar burodi ta yanke gardamar. Zanga-zangar da ta ɓarke a Atbara ranar 19 ga Disamba ta iso babban birni, Ƙungiyar Ƙwararrun Sudan ta riƙa fitar da jadawalin jerin gwano na mako, da wuri da lokaci. Ƙarfe ɗaya na rana mutane za su taru a kasuwa kamar masu cefane, sai mace guda ta rangaɗa guɗa, tafiya ta fara. Duk wanda ya ga mukhataba ta 2009 zai gane zubin. Ranar 11 ga Afrilun 2019 sojoji suka sauke Bashir.

Babbar jarrabawa ta zo bayan 3 ga Yuni, ranar da aka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, aka kuma katse intanet sama da wata guda. Da takardu da rubutun bango da tarukan dare da bin gida-gida aka kira gangamin 30 ga Yuni, kuma dubun dubatar mutane suka cika titunan garuruwan uku. Hanyar da aka gina da ƙafa ba ta mutu don an kashe na'ura ba.

Zaɓen da aka yi wa jama'a alkawari bai zo ba. Juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya datse gwamnatin riƙon ƙwarya, yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma ya ɗaiɗaita Hartum da Umdurman, ya raba miliyoyi da gidajensu. A cikin wannan bala'i, 'yan kwamitocin turjiya na unguwanni ne suka rikiɗe zuwa ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci a manyan tukwane, suna neman magani, suna fitar da marasa lafiya. Da yawansu sun rasa rayukansu a kan wannan aiki.

Abin dubawa a gare mu

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a Agustan 1950 da irin wannan hanya ta isa ga talaka: lacca a fili, magana a kasuwa, waƙa, da mutane irin su Hajiya Gambo Sawaba da suka sha ɗauri saboda sun tsaya gaban taro. Taken "a kasa, a tsare, a raka" ma daga fahimtar cewa fitowa kaɗai ba ta isa ba ya samo asali. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Nijeriya, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba, a daidai lokacin da muhawarar siyasa ta fi kowane zamani zafi a wayoyinmu.

Matasan Hartum da Umdurman sun biya kuɗin wannan ilimi da tsada. Sun gano cewa mai ƙuri'a yana sauraron wanda ya zo inda yake, ya yi magana da harshensa, kan abin da ke damunsa. Sun gano cewa wanda ya ce a ƙi wane, wajibi ne ya tilasta wa jam'iyyu su fitar da wanda za a so, su kuma tsaya a kai. Sun gano cewa amana ba a wata biyar na kamfe ake gina ta ba, sai da shekarun zama tare a unguwa, a biki da makoki da ranar yunwa.

Duk ranar da bindiga ta yi shiru aka sake kafa rumfunan zaɓe a Sudan, jam'iyyu za su dawo da allunansu da alkawuransu. Mutanen Umbadda da Haj Yusuf kuwa za su tuna wanda ya tsaya tare da su lokacin da babu ƙuri'ar da za a nema. Ko waɗannan matasa za su iya mayar da wannan amana ta zama 'yan takara da shiri da wakilai a kowace rumfa, shi ne aikin da zaɓen 2010 ya bar musu, kuma har yau yana jiransu.